Ina masu sha'awar jinsi biyu da ke bin aƙidar libatariyan ke kai ƙuri'arsu a Amurka?

Wani ɗalibin kimiyyar siyasa da ke haɗa kundin kammala digiri ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, kullum muna jin cewa a Amurka masu neman jinsinsu 'yan Dimokurat ne, masu ƙin haraji kuma 'yan Rifablikan. To mutumin da ke sha'awar maza da mata duka, kuma ba ya son gwamnati ta sa masa hannu a aljihu ko a ɗaki, wa yake zaɓa? Jam'iyyar Libertarian ce gidansa?"

A takarda, ita ce gidansa, kuma ta daɗe da zama haka. A ranar zaɓe kuwa ba kasafai yake kwana a gidan ba. Dalilan suna da yawa, amma kafin mu shiga sai ka ajiye ma'aunin nan gida a gefe. A Najeriya dokar da aka sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kuma babu wata babbar jam'iyya da ke jayayya a kan haka. A can kuwa batun ya shafe fiye da shekara hamsin yana yawo tsakanin kotu da majalisa da akwatin zaɓe, don haka aikinka a matsayin ɗalibi shi ne ka gane yadda lissafin yake tafiya a wurinsu.

Mu fara da aƙidar. Ɗan libatariyan mutum ne da ya ɗauka cewa babban aikin gwamnati shi ne ta hana wani cutar wani, ta kare dukiya, ta tabbatar an cika yarjejeniya, daga nan ta tsaya. Abin da baligi ya ga dama ya yi da jikinsa ko kuɗinsa, muddin bai taɓa haƙƙin wani ba, babu ruwan hukuma. David Nolan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar a jihar Kolorado a watan Disamba na 1971, ya yi suna da wani zane mai layi biyu, ɗaya na 'yancin tattalin arziki, ɗaya na 'yancin rayuwar mutum. A ganinsa Dimokurat na sakar maka mara a rayuwarka ta riƙe maka aljihu, Rifablikan na sakar maka aljihu ta leƙa maka ɗaki. Su kuma suna son a saki duka biyun.

Ba da baki kawai suka tsaya ba. Kundin manufofin jam'iyyar na farko, na 1972, ya nemi a soke duk dokokin da suka mai da abin da ba a cuci kowa a cikinsa ba laifi, ya kuma ambaci mu'amalar jima'i ta yardar juna, tare da caca da shan ƙwaya. Ka duba lokacin da aka faɗi haka. A shekarar nan yawancin jihohin Amurka suna da dokar da ke hukunta tarayyar namiji da namiji. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ba ta cire wannan ɗabi'a daga jerin cututtuka ba sai a ƙarshen 1973. Kotun Ƙoli ta tabbatar da irin wannan doka ta jihar Jojiya a 1986, ba ta sauya ra'ayi ba sai a 2003, a shari'ar Lawrence da jihar Teksas, inda alƙalai masu rinjaye har suka ambaci bayanin da cibiyar Cato, babbar cibiyar nazari ta 'yan libatariyan, ta shigar gaban kotun. Barack Obama kansa bai fito fili ya goyi bayan auren jinsi ba sai a watan Mayu na 2012. Ke nan jam'iyyar ta riga manyan biyun da shekaru masu yawa. Sai dai ɗan takararta na 1972, farfesan falsafa John Hospers, bai samu ko ƙuri'a dubu huɗu ba a duk faɗin ƙasar. Tun daga ranar farko, abin da jam'iyyar ke da shi kalmomi ne masu daɗi ga irin mutumin da kake tambaya a kansa, ba kujeru ba.

Yanzu ga ɓangaren da yawancin masu rubutu ke tsallakewa, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Masu sha'awar jinsi biyu su ne mafi yawa a cikin rukunin da Turawa ke haɗawa su kira LGBT, amma su ne ba a cika gani ba. Binciken kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup na 2024 ya nuna kashi 9.3 cikin ɗari na manyan Amurkawa ne suka sa kansu a wannan rukuni, daga kashi 3.5 a 2012, kuma fiye da rabinsu, wajen kashi 56, masu sha'awar jinsi biyu ne. Yawancinsu mata ne, kuma matasa. To amma wani nazari da cibiyar Pew mai binciken ra'ayoyin jama'a ta fitar a 2019 ya nuna cewa a cikin waɗanda ke da abokin zama, kusan tara cikin goma suna tare ne da wanda ba jinsinsu ba, wato mace da miji, ko namiji da mata, kamar kowa a unguwa. Ƙasa da ɗaya cikin biyar ne suka ce yawancin mutanen da ke kusa da su sun san halin da suke ciki, alhali a wajen maza masu neman maza da mata masu neman mata adadin ya kai uku cikin huɗu. A wani binciken Pew na 2013 kuma, kashi 20 kacal na masu sha'awar jinsi biyu suka ce wannan al'amari na da matuƙar muhimmanci ga yadda suke kallon kansu, sauran rukunonin biyu kuwa wajen rabi.

Me wannan ke nufi ga ƙuri'a? Abin da ke sa wani rukuni ya riƙa zaɓe baki ɗaya shi ne jin cewa abin da ya sami ɗaya zai sami kowa. Baƙaƙen fatar Amurka misali ne da ake yawan kawowa: attajiri da talaka a cikinsu sukan haɗu a jam'iyya ɗaya saboda tarihi ya ɗaure su wuri guda. Namiji mai aure da namiji ɗan'uwansa yana jin irin wannan ɗauri, don takardar aurensa, da gadonsa, da inshorar lafiyar abokin zamansa duk sun rataya ne a kan abin da kotu da majalisa suka yanke kan auren jinsi. Ita kuwa matar da ke sha'awar jinsi biyu amma tana zaune da mijinta da 'ya'yanta a bayan gari, babu wata doka kan auren jinsi da za ta taɓa mata tukunya gobe da safe. Tana iya jin zafin abin a zuciya, amma harajin shagonta, da kuɗin makarantar yara, da lasisin bindigar da ke gidanta sun fi kusa da ita. Idan dama tana da ra'ayin libatariyan, igiyar da ke jan ta zuwa Dimokurat ba ta kai ta sauran ƙarfi ba. Wannan ne ya sa nake ganin idan za a sami 'yan libatariyan na gaske a cikin rukunin, a nan ya fi dacewa a neme su.

Sai dai ka yi hattara da alƙaluman da za ka ci karo da su. Ƙuri'ar jin ra'ayi da ake yi a bakin rumfunan zaɓe ta nuna kusan kashi 86 na masu zaɓe 'yan wannan rukuni sun zaɓi Kamala Harris a 2024, Donald Trump ya samu ɗan abin da ya haura kashi goma. A 2016 ma Hillary Clinton ta kwashi fiye da kashi uku cikin huɗu. Amma tambayar da ake yi a wurin guda ɗaya ce, ta e ko a'a, wadda ta cusa kowa a buhu ɗaya, ba ta raba mai sha'awar jinsi biyu da sauran ba, balle ta tambayi aƙidarsa kan girman gwamnati. Akwai kuma wani abu da Patrick Egan na Jami'ar New York ya gano, wanda ya kamata ya shiga kundinka: ba kullum asali ne ke haifar da ra'ayin siyasa ba, wani lokaci ra'ayin siyasa ne ke sa mutum ya ɗauki suna ko ya ajiye shi. Ya bi mutane tsawon shekaru ya ga masu ra'ayin sassauci na Dimokurat sun fi saurin komawa su kira kansu da sunan wannan rukuni. Juya maganar ka gani. Mutumin da ke da sha'awar nan amma yana ƙyamar a sa shi a layin ƙungiya, wanda shi ne ainihin halin ɗan libatariyan, zai iya cewa a'a ga mai tambaya ya wuce abinsa. Don haka adadin 86 ɗin yana gaya maka yadda waɗanda suka amsa sunan suka yi zaɓe ne, ba duk masu halin ba.

A ɗaya gefen ma, 'yan libatariyan ɗin ba su da yawan da suke zato. Binciken Pew na 2014 ya samu kashi 11 da suka kira kansu da sunan kuma suka san ma'anarsa. Masanin siyasa Lee Drutman, da ya auna masu zaɓen 2016 ta ra'ayoyinsu maimakon sunan da suke kiran kansu, ya samu ƙasa da kashi huɗu ne suka haɗa sassauci a zamantakewa da tsauri kan kashe kuɗin gwamnati. Idan ka ɗora wannan ƙaramin da'ira a kan wancan, mutanen da muke magana a kansu ba runduna ba ne da ɗan takara zai tashi takanas ya je nema.

To mene ne ke raba musu hankali idan an zo kan manufa? Abu na farko aure. Tsohuwar amsar 'yan libatariyan ita ce gwamnati ta fita daga harkar aure gaba ɗaya, ya zama yarjejeniya tsakanin mutane, coci ko masallaci ko majami'a kowa ya ɗaura wanda ya yarda da shi. David Boaz na cibiyar Cato ya yi wannan kira tun 1997, Sanata Rand Paul ya maimaita shi bayan hukuncin Obergefell na 26 ga Yuni 2015 da ya halatta auren jinsi a duk jihohi. Maganar na da tsabta, amma wani ofishin binciken gwamnati ya ƙirga tanade-tanade 1,138 a dokokin tarayya da suka dogara da ko mutum na da aure, daga haraji zuwa fansho zuwa izinin shigo da miji ko mata daga ƙasar waje. Wanda aka hana waɗannan a yau, ka ce masa ya jira ranar da za a rushe tsarin duka, ka ba shi amsar da ba ta cika ciki. Shi ya sa Boaz da Cato suka tsaya a kan cewa muddin gwamnati na ba da lasisin, to ta ba kowa daidai. Wasu kuma suka riƙe "gwamnati ta fita" a matsayin mafaka, don kada su faɗi e ko a'a. Mai sauraro da abin ya shafa yakan gane wanne ne wanne.

Na biyu, kuma wanda ya fi zafi, dokar hana wariya a kasuwa da wurin aiki. A nan ne aƙida da buƙatar kai suke karo gaba da gaba. Jack Phillips, mai gasa kek a Kolorado, ya ƙi yi wa wasu maza biyu kek ɗin biki saboda addininsa, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli a 2018. Cato, wadda ta goyi bayan auren jinsi, a wannan karon bayan mai kek ta bi, kuma a wurinta babu tufka da warwara: kada gwamnati ta hana ka aure, kada kuma ta tilasta wa wani ya ƙawata maka bikin. Gary Johnson, ɗan takarar jam'iyyar a 2016, ya ce shi a ganinsa dole mai shago ya sayar wa kowa, 'yan jam'iyyarsa suka yi masa ca har yau ana tuna masa. Ɗan libatariyan mai sha'awar jinsi biyu yakan tsaya da mai kek a muhawara. Amma da Kotun Ƙoli ta yanke a 2020, a shari'ar Bostock, cewa dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana korar ma'aikaci saboda wanda yake so, hukuncin da Neil Gorsuch, alƙalin da Trump ya naɗa, ya rubuta, ban ga alamar wani ya fito yana kukan an tauye 'yancin mai kamfani da irin ƙarfin da aka yi kukan kek ba. Aƙida na da daɗi har sai ta zo kan albashinka.

Akwai na uku da ba a cika haɗa shi da wannan batu ba, wato zubar da ciki. Tun da yawancin masu sha'awar jinsi biyu mata ne matasa, kuma akasarinsu da maza suke tare, hukuncin Dobbs na 2022 da ya mayar wa jihohi ikon hana zubar da ciki ya fi shafar rayuwarsu kai tsaye fiye da dokar auren jinsi. Ga mace mai aƙidar "jikina nawa ne", wannan babban dalili ne na guje wa Rifablikan komai daɗin manufarsu ta haraji. A cikin wannan hukunci ne kuma alƙali Clarence Thomas ya rubuta nasa ra'ayin daban, yana cewa ya kamata a sake duba Lawrence da Obergefell. Bindiga kuwa ta ɗaya gefen take ja. Ƙungiyar Pink Pistols, da aka kafa a 2000 don koya wa 'yan wannan rukuni riƙe makami su kare kansu, ta samu tururuwar sababbin mambobi bayan harin gidan rawa na Pulse, matattarar 'yan rukunin a Orlando, a watan Yuni na 2016, inda aka kashe mutum 49. Wanda ya fito daga irin wannan horo, da wuya ya ji daɗin jawabin ɗan takarar Dimokurat kan taƙaita makamai.

Sai ka ce to ai ga jam'iyyar da ta haɗa duka, me ya hana su zauna a cikinta? Abu biyu ne, halin jam'iyyar da lissafin zaɓe.

Halin jam'iyyar ya yi ta hawa da sauka. A 2008 ta tsayar da Bob Barr, tsohon ɗan majalisar Rifablikan daga Jojiya, wanda shi ne ya gabatar da dokar 1996 da ta hana gwamnatin tarayya amincewa da auren jinsi. Ya ce ya sauya ra'ayi, ya nemi a soke dokar, amma ka yi tunanin yadda mambobin da suka shigo saboda kundin 1972 suka ji. Zamanin Gary Johnson ne jam'iyyar ta fi haske, ya samu kusan ƙuri'a miliyan huɗu da rabi a 2016, kashi 3.3, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba. Daga nan sai wani ɓangare mai suna Mises Caucus ya taso, ya karɓe shugabanci a babban taron Reno na watan Mayu 2022. A taron ne aka goge sashen kundin da ya yi magana kan zubar da ciki, aka kuma cire jimlar da ta yi tir da ƙyamar mutane saboda asalinsu. Masu goyon bayan sauyin sun ce ba aikin jam'iyya ba ne ta yi wa zukata wa'azi. Waɗanda suka fice sun ce an share fili ne don baƙi daga ɓangaren masu tsattsauran ra'ayin riƙau.

Bayan shekara biyu abin mamaki ya faru. A taron Washinton na Mayu 2024, wanda Trump ya halarta da kansa aka yi masa ihu, wakilai suka tsayar da Chase Oliver, mutumin Jojiya da bai ɓoye cewa shi mai neman maza ba ne. Sai da aka kai zagaye na bakwai, bayan ya kayar da ɗan takarar da Mises Caucus ke so, kuma a zagayen ƙarshe abokin karawarsa shi ne zaɓin "babu ko ɗaya". Wasu rassan jihohi suka juya masa baya, reshen Kolorado ya sanar cewa Robert Kennedy ƙarami, ɗan takara mai zaman kansa, yake so. Trump kuwa ya bar zauren da alkawari ɗaya da ya shiga ran 'yan jam'iyyar, na sakin Ross Ulbricht da ke ɗaurin rai da rai kan kasuwar ƙwaya ta intanet, kuma ya yi masa afuwa a Janairun 2025. Oliver ya ƙare da ƙuri'a wajen dubu 650, kashi 0.4, alhali Jo Jorgensen, 'yar takarar jam'iyyar, ta samu fiye da miliyan 1.8 a 2020. Ba zan ce yanayin rayuwarsa kaɗai ya jawo wannan faɗuwa ba, don zaɓen ya yi zafi kuma shugabannin jam'iyyarsa ba su yi masa aiki ba. Amma duk wanda ke kallo daga cikin rukunin ya ga yadda aka bar ɗan takarar shi kaɗai a rana.

Lissafin zaɓe kuma ba ya tausayi. A kusan duk jihohi wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke kwashe komai, na uku ba ya samun komai. Sai ka kai kashi biyar a zaɓen shugaban ƙasa kafin jam'iyyarka ta cancanci tallafin gwamnati a zaɓe na gaba, kuma hukumar da ta daɗe tana shirya muhawarar 'yan takara ta sa sharaɗin kashi 15 a ƙuri'un jin ra'ayi. Jam'iyyar ba ta taɓa kaiwa ko ɗaya ba. Abin da take iya yi shi ne ɓata wa wani. A 2020 Joe Biden ya ci Jojiya da ratar ƙuri'a 11,779, Jorgensen kuma ta samu fiye da dubu 60 a can. A Arizona ratar 10,457 ce, ita ta samu fiye da dubu 50. A 2022 shi wannan Oliver ya samu kashi biyu a takarar sanatan Jojiya, abin da ya tilasta zagaye na biyu tsakanin Raphael Warnock da Herschel Walker. Saboda haka inda mutum yake zaune ya fi aƙidarsa tasiri a kan abin da zai yi. Mai zaɓe a Kalifoniya ko Alabama, inda an san wanda zai ci tun kafin a buɗe rumfa, yana iya ba Libertarian ƙuri'arsa ya kwana lafiya. Na Jojiya ko Wiskonsin kuwa yana tsaka mai wuya, dole ya tambayi kansa wace gwamnati ce ta fi ba shi tsoro, mai shiga aljihu ko mai shiga ɗaki, ya toshe hanci ya zaɓi ɗayar.

Idan kana neman fuskoki, fitattun da suka fito fili ba su da yawa, kuma babu wanda ya dace da kwatancenka ɗari bisa ɗari. Jared Polis, wanda ya zama gwamnan Kolorado a 2019, mai aure da namiji ne, ɗan Dimokurat da ke son rage harajin kuɗin shiga, har 'yan libatariyan na yaba masa. Peter Thiel, attajirin fasaha, ya bi ta ɗaya hanyar, ya tsaya a babban taron Rifablikan na 2016 ya bayyana halinsa ya kuma goyi bayan Trump. A cikin masu sha'awar jinsi biyu kuwa akwai Michael Huffington, tsohon ɗan majalisar Rifablikan daga Kalifoniya, wanda bai bayyana kansa ba sai a 1998, bayan ya bar kujera. Wadda ta fi koyar da darasi ita ce Kyrsten Sinema ta Arizona. Ita ce ta farko da ta shiga majalisar tarayya tana mai bayyana cewa tana sha'awar jinsi biyu, a zaɓen 2012, ta zama sanata bayan zaɓen 2018. Ba 'yar libatariyan ba ce, daga ɓangaren jam'iyyar Green ma ta faro. Amma dubi yadda ta yi aiki: ta ƙi amincewa da ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a 2021, ta taka wa ƙarin harajin kamfanoni birki, sannan ta kasance cikin waɗanda suka haɗa kan sanatoci aka zartar da dokar kare auren jinsi ta 2022 da ƙuri'a 61 da 36, har da 'yan Rifablikan 12. Sakamakon da ta samu shi ne jam'iyyarta ta Dimokurat a jihar ta tsawatar mata a hukumance kan ƙin sauya ƙa'idar majalisar dattawa da ke buƙatar ƙuri'a 60 kafin yawancin dokoki su wuce, ta fice ta zama mai zaman kanta a Disamban 2022, ba ta sake tsayawa ba a 2024. Wanda ya haɗa wannan da wancan a tsarin jam'iyyu biyu, kowane ɓangare rabin da bai so ba yake gani.

A ƙasashen da ake raba kujeru gwargwadon ƙuri'a abin ya fi sauƙi. A Jamus jam'iyyar FDP mai son kasuwa sakakkiya ta yi shekaru ƙarƙashin Guido Westerwelle, wanda ke zaune da namiji a fili, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 2009 zuwa 2013. A Holan gwamnatin haɗaka da ta ƙunshi jam'iyyun VVD da D66 masu ra'ayin sassauci ce ta fara halatta auren jinsi a duniya a 2001. Amma kada sunan libatariyan ya ruɗe ka a ko'ina ka gan shi. Javier Milei na Ajantina da wannan suna ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 2023, kuma jawabinsa a taron tattalin arzikin duniya na Davos a Janairun 2025, inda ya caccaki abin da ya kira aƙidar jinsi, ya fito da dubban mutane zanga-zanga a Buenos Aires.

Shawarar da zan ba ka kan kundin ita ce kada ka tsaya a zaɓen shugaban ƙasa, don a can an tilasta wa kowa ya sayi kaya a ɗaure. Ka duba ƙuri'un raba gardama na jihohi, inda ake jefa kowace tambaya ita kaɗai. A Kalifoniya a Nuwamban 2024 masu zaɓe sun amince da kusan kashi 63 a cire haramcin auren jinsi daga tsarin mulkin jihar, a wannan rana kuma suka yi watsi da shawarar ba ƙananan hukumomi ƙarin ikon ƙayyade kuɗin haya, suka kuma ƙi, da ƙaramar rata, ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa dala 18. Irin takardar da mutumin da kake tambaya a kansa zai cike ke nan ba tare da ya cije leɓe ba. A takarda ɗaya ce dai masu rinjaye suka amince a tsananta hukunci kan sata da ƙwaya da kusan kashi 68, kuma a wannan layin shi yana cikin waɗanda aka kayar.